Yadda ake sabis ɗin injin jirgin ruwa na ciki, daga juyen baƙin mai har hanyar ruwan da ke sanyaya shi

Mu nan bakin dam ɗin Dadin Kowa abin da ido ya fi sabawa da shi shi ne kwale-kwale da injin Yamaha rataye a bayansa, mai doki 15 ko 40, wanda in ya ɓaci sai ka kwance shi ka ɗora a mashin ka kai wa bakanike. To ba shi nake magana ba yau. Ina magana ne kan injin da ake girke shi a cikin cikin jirgi, a ƙasan katakon da ake takawa, sanda ta fito daga giyabos ta huda jikin jirgin ta baya ta riƙe farfela. Wani Yanmar ne ko Perkins ko Volvo Penta da aka ƙera domin ruwa tun asali, wani kuma injin mota ne mai shan gas, wato dizal, aka ciro aka yi masa dabara, wani ma irin injin nan ne mai silinda ɗaya ɗan Chana da ake niƙa da ban ruwa da shi. Ni da injin mota na fara koyon sana'a a cikin Gombe kafin abinci ya jawo ni bakin ruwa, kuma abin da na fara ganewa shi ne wannan injin ruwan kogi yake sha ya sanyaya jikinsa, duk abin da ke cikin Gongola, laka ne, yashi ne, leda ce, kainuwa ce, sai ya bi ta cikinsa. Kuma in ya tsaya maka a tsakiyar ruwa babu gefen titi da za ka faka ka jira.

Bari mu fara da baƙin mai tunda shi kowa ya fi sani.

Mota da kilomita ake lissafa mata, jirgi kuwa da awa. Sabon inji ko wanda aka yi wa obahol, juyen farko a awa 50 ake yi, saboda ɓurɓushin ƙarfen da ke fita lokacin da sabbin kaya ke zama da juna. Bayan nan kamfanoni sun bambanta, wasu su ce awa 100, wasu har 250, ko sau ɗaya a shekara in ba a cika awannin ba. Ni dai a zafin nan namu da irin gas ɗin da muke samu, ba na bari ya wuce awa 100 zuwa 150, domin injin jirgi kamar mota ce da ke hawan dutse tun safe ba ta taɓa samun gangara ba, kullum yana cikin lodi. Ka lissafa da kanka, in kana aiki awa 5 a rana to kwana 20 ka cinye awa 100. Yawancin jiragen nan ba su da agogon ƙirga awa, ko yana nan ya mutu tun tuni, sai ka sayi ɗan littafi na 'yan makaranta ka riƙa rubutawa kullum, ba wani wahala ba ne.

Man da ake zubawa injin gas shi ne 15W-40 wanda aka rubuta na dizal ne, ka duba bayan galan za ka ga API da haruffa masu farawa da C, irin su CF ko CH-4 ko CI-4. Wanda ya fara da S kaɗai na injin fetur ne. Ƙananan injuna masu silinda 2 ko 3 sukan ci tsakanin lita 2 zuwa 4, masu silinda 4 su fi haka, amma gejin injinka, wato tsinken nan na auna mai, shi ne alƙali ba bakina ba. Don Allah a guji man awo na kwalba da ake sayarwa bakin hanya. Na taɓa sayen galan a hannun wani da ya rantse min har da dafa kai cewa orijinal ne, sil ɗinsa ma lafiya lau, kwana 6 kacal man ya tsinke ya koma kamar ruwan shayi, fitilar mai ta fara ƙyaftawa in inji na silo. Allah ya sa na lura da wuri. Tun daga ranar gidan mai ko babban dila nake zuwa, in ƙara kuɗi in huta.

Ka tanadi sabuwar filta mai lamba daidai da tsohuwar, da abin kwance filta, da sifana, da tsumma mai yawa, da leda mai kauri, da jarkar zuba tsohon mai, da mazurari, sai kuma famfon tsotso. Wannan famfon shi ne bambancin jirgi da mota. A mota ka shiga ƙasa ka kwance noti mai ya zubo a faranti, a jirgi kuwa inji na zaune dab da ƙasan jirgin, ko hannunka ya kai ga notin babu inda za ka tura faranti, in ka kwance sai man ya malale cikin jirgi ya haɗu da ruwan da ke kwance a wajen, daga nan a kwashe shi a watsa cikin dam. Wasu injunan sun zo da ɗan famfon hannu na tagulla a jikinsu, in naka babu sai ka nemi na tsotso mai siririn tiyo da ke shiga ta ramin geji.

Ka tayar da inji ya yi kamar minti 10, in da hali ka ɗan zaga da jirgin ma ya fi, don man ya yi ɗumi ya saki jiki, dattin da ya kwanta a ƙasa ya taso ya gauraya. Mai sanyi ba ya bin siririn tiyo, za ka yi ta bugun famfo har hannunka ya gaji. Ka kashe, ka ba shi minti 5 ya sauko, ka buɗe murfin da ake zuba mai don iska ta shiga, ka zare geji ka tura tiyon a hankali har ka ji ya taɓa ƙasa. Kar ka ci gaba da turawa bayan ya taɓa, lanƙwashewa yake yi ya koma sama ya riƙa jan iska kai kana zaton mai ya ƙare. Ka tsotse har ka ji yana shaƙar iska, ka ɗan motsa tiyon ka sake. Sannan ka auna abin da ya fito. In injinka na cin lita 4 ka ga lita 2 a jarka, to akwai saura a ciki, koma.

Kafin ka rufe jarkar nan ka tsaya ka kalli man da kyau, a nan inji ke faɗa maka ciwonsa. Baƙi wuluk a injin gas ba komai ba ne, haka yake, kwana biyu da juye ma zai yi baƙi. Amma in ka ga ya yi fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara, ruwa ya shiga, ko gaskit ɗin tof silinda ya ƙone, ko abin sanyaya mai ya huje, ko ruwa ya dawo ta salansa. In ya tsinke yana warin gas kuma geji na nuna yana ƙaruwa maimakon raguwa, gas ne ke zuba ciki, a duba nozul da famfon gas. In ka murza a yatsa ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a rana, kar ka sake tayar da injin sai bakanike ya gani.

Filta kuma, ka sa leda a ƙarƙashinta ka rungume ta da ledar kafin ka kwance, yadda man cikinta zai zube a leda. Da ta fita ka duba bakinta, robar nan zagayayya ta fito tare da ita? Wani lokaci takan manne a jikin inji, ka ɗaura sabuwa a kanta roba ta hau roba, kana tayarwa mai ya yi feshi ya ƙare cikin minti kaɗan. Ka goge wajen tas, ka lakaci sabon mai da yatsa ka shafa wa robar sabuwar filtar, ka ɗaura da hannu har robar ta taɓa jiki sannan ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Da hannu na ce. Yaran gareji na son sa ƙarfe su matse kamar da faɗa, ranar kwancewa kuma a yi ta huda ta da sukudireba. Masu injin silinda ɗaya, naku yawanci ba filtar takarda ba ce, rariyar ƙarfe ce, a ciro ta a wanke da gas a mayar.

Zuba sabon mai, amma ka rage kamar rabin lita tukun. Tayar da inji a silo, idonka a kan fitilar mai ko agogonta, cikin daƙiƙa kaɗan ya kamata ta mutu, in ta wuce daƙiƙa 10 tana ci to kashe ka bincika. Haska tocila a gindin filta ka ga ko tana ɗiga. Kashe, jira minti 5 zuwa 10, zare geji ka goge ka mayar ka sake zarowa, ka cika har kusa da layin sama. Kar ya haura layin, mai in ya yi yawa kumfa yake yi ya fasa sil. Kuma a auna jirgi na kan ruwa a daidaice, ba an ja hancinsa kan gaɓa ya karkace ba. Sai ka ɗauki maka ka rubuta kwanan wata a jikin filtar.

Giyabos nata man daban, da gejinta daban, mutane na mantawa da ita sam. Wata jan man nan ATF take sha, wata man inji SAE 30, yawanci an rubuta a ɗan faranti a jikinta, kar a yi kirdado.

Tsohon mai kuwa don girman Allah kar ya shiga ruwa. Ruwan dam ɗin nan shi ake tacewa a tura wa cikin garin Gombe, shi masunta ke ci da iyalinsu, shi manoman rani ke ja. Masu shafa wa katako maganin gara da masu buga bulo har sayensa suke yi, ka tara a jarka ka ba su.

Yanzu mu zo ga ruwa, wanda shi ne ya fi kashe injuna a wajen nan fiye da baƙin mai nesa ba kusa ba.

Iri biyu ne aka fi gani. Akwai wanda ruwan kogi ke shiga har cikin jikin inji ya zaga ya fita. Akwai kuma mai hanya biyu, wato cikin inji akwai nasa ruwan mai tsabta da ke zagayawa a rufe kamar na mota, amma maimakon lagireto da fanka sai aka sa wani ƙarfe dogo kamar gwangwani cike da siraran bututan tagulla, ruwan kogi na bi ta cikin bututan, ruwan inji na bi ta bayansu, zafi ya ratsa ba tare da sun haɗu ba. Mu dai lagireton jirgi muke ce masa. Ko wanne ne naka, hanyar ruwan kogin ɗaya ce: ya shigo ta wata ƙofa a ƙasan jirgi mai bawul, ya bi ta rariya, ya shiga famfo mai robar nan da ake kira infela, ya ratsa inji ko lagireton, sannan ya faɗa cikin gwiwar salansa ya fita tare da hayaƙi. Shi ya sa salansar jirgi ke tofar da ruwa. Duk ranar Allah, kana tayar da inji kafin ka kwance igiya, leƙa baya ka ga ruwan nan na fita bul bul. In ka ji ƙarar salansa ta bushe ta yi kaifi kamar ta janareta, babu ruwa ke nan, kashe nan take.

Akwai wani Alhaji mai jirgin ɗaukar kaya da nake yi wa aiki, wata damina ruwa ya yi ja jawur, yaronsa ya kira ni wajen la'asar murya na rawa, "Oga, injin ya yi wani irin wari kamar ana ƙona taya, sai ya mutu da kansa." Na ce ka duba ruwan salansa da za ka tashi? Shiru. Da aka jawo jirgin na rufe bawul na buɗe rariya, babu komai a ciki, a bushe ƙamas. Na sa yaron ya nutsa ya shafa ƙasan jirgi, sai ga shi ya fito da ledar fiya wata guda ɗaya tal, ta manne a bakin ƙofar ruwan kamar an liƙa ta da gam. Na buɗe famfo, infela mai fuka-fukai 6 saura 2, sauran sun narke sun karye, tiyon salansa ya ƙone ta ciki ya yi laushi, gaskit ɗin tof ya tafi. Alhaji ya zo ya tsaya ya kalli ledar a hannuna ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Malam, yanzu wannan ce ta ci min kuɗin nan?" Na ce ranka ya daɗe ita ce, da leƙen da ba a yi ba. Sati biyu jirgin na ɗaure muna jiran kaya daga Kano.

Rariya ita ce aikin kullum, da damina ma safe da yamma, lokacin da Gongola ke kwaso laka da ciyawa da karan dawa tun daga sama. Rufe bawul tukuna, wannan dole ne, domin a jirage da yawa rariyar na ƙasa da tsayin ruwan waje, ka buɗe ta bawul a buɗe to dam ne zai shigo maka. Kwance murfi, zaro kwandon, wanke shi da tsohon buroshin haƙori, duba robar murfin ko ta tsage, mayar ka ɗaure. In murfin bai zauna daidai ba famfo iska zai riƙa ja maimakon ruwa, rariya fes amma inji na zafi, ka yi ta neman dalili. Sai ka buɗe bawul. Ni dabarata, duk lokacin da na rufe bawul sai in rataye makullin inji a hannun bawul ɗin, ba yadda za a yi in tayar ban buɗe ba.

Infela roba ce mai fuka-fukai kamar tauraro, ruwan da take turawa shi ne man shafawarta, in ta juya a bushe ko minti ɗaya ba ta kaiwa ta lalace. A canza ta duk shekara ko da ta yi kyau a ido, a ruwa mai yashi irin namu ma a riƙa buɗewa ana dubawa duk juyen mai na biyu. Ga yadda ake yi. Rufe bawul. Shimfiɗa tsumma ƙarƙashin famfon saboda ƙananan sukurorin murfin, na tagulla ne, in ɗaya ya faɗa ƙasan inji ko maganaɗisu ba ya ɗauko shi. Cire murfi. Ɗauki hoto da wayarka ka ga ɓangaren da fuka-fukan suka kwanta. Kama tsakiyarta da filaya ka jawo a hankali kana ɗan girgizawa, in za ka sa sukudireba biyu ka ɓanɓaro to ka sa tsumma a bakin famfon, tagulla ce mai laushi, in ka yi mata rauni ba za ta ƙara riƙe ruwa ba. Wasu akwai ɗan ƙarfe ƙarami da ke kulle ta da sanda, kar ya ɓace.

Da ta fito ka ƙirga fuka-fukan. In akwai wanda ya karye, aikinka bai ƙare ba sai ka nemo guntun, yana nan ya tafi gaba ya maƙale a tiyo ko a bakin bututan lagireto, in ka bar shi sabuwar infela za ta yi ta turo ruwa hanya a toshe. Lanƙwasa kowane fiffike ka ga ko gindinsa ya tsattsage. Duba cikin murfin, yashi kan ci shi ya yi masa zobe, in ramin ya yi zurfi ka goge shi da samfefa mai laushi a kan gilashi, wani ma ana iya juya bayansa in babu rubutu mai tudu. Shafa wa sabuwar sabulun ruwa na wanke-wanke ko gilisarin, kar ka sa giris ko baƙin mai, suna kumbura irin wannan robar. Tura ta kana murzawa ta ɓangaren da famfon ke juyawa. Sabon gaskit, na takarda ne siriri ko zoben roba, kar ka yanka kwali mai kauri ka sa, tazarar da zai bari ta isa ta hana famfo ja. Ɗaure sukurori da sannu, buɗe bawul, tayar, leƙa salansa. Akwai ɗan rami a bayan famfon, in ka ga yana ɗigar da ruwa sil ya mutu, a gyara da wuri kafin ruwan ya bi sanda ya shiga cikin baƙin mai.

Lagireton jirgi sau ɗaya a shekara, bayan damina ya fi dacewa. Inji a sanyaye, zubar da ruwan ciki, kwance murafen gefe biyu, haska tocila ta wannan bakin ka leƙa ta wancan. Duk bututun da ba ka ga haske ba ya toshe. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da siririn tsinke na itace ko roba, ban da ƙusa, ban da wayar ƙarfe, bututan ba su da kauri ko kaɗan. In farin dutse ya kama su ka jiƙa a ruwan khal ya kwana ka ɗauraye. Na ga masu zuba asid ɗin batir wai don sauri, ai kuwa yana wankewa, har da bututun gaba ɗaya. Sabbin zoben roba a murafen. Wasu akwai ɗan guntun ƙarfe kamar fensir da ake ɗaurawa a jiki don tsatsa ta ci shi ta bar inji, a ruwan daɗi irin namu ba ya saurin cinyewa kamar na masu teku a Legas, amma a duba, in ya rage rabi a canza.

Ruwan cikin inji kuma ba ruwan dam ake kamfata a zuba ba, kuma ba na rijiya ko bohol mai gishiri-gishiri ba. Kulan ake sawa, wato ruwan nan mai kala na sanyaya inji, wanda aka riga aka haɗa, ko mai kauri a raba shi rabi da rabi da tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir. Wasu na cewa ai mu ba mu da ƙanƙara me za mu yi da shi, to ba don sanyi kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa kuma yana sa ruwa ya jure zafi kafin ya tafasa. A canza duk shekara 2, kar a gauraya kala biyu. Murfinsa kuma ba a buɗe shi inji da zafi, mutum nawa ya saɓule wa fatar hannu.

Sai maganar tamostat, wato 'yar ƙofar nan da ke tare ruwa sai inji ya yi zafi ta buɗe masa hanya, wadda na san wasu 'yan uwana makanikai ba za su ji daɗi ba. Al'adarmu ce da inji ya fara zafi a cire ta a jefar, wai ta ƙasar Turawa ce. Ni ban yarda ba, balle a jirgi. Ruwan dam da sanyinsa, musamman da hunturu, in babu tamostat inji ba zai taɓa kai zafin da yake buƙata ba, gas ba ya ƙonewa duka, baƙin hayaƙi ya taru a ringi da bawul, mai ya lalace da wuri. A wasu injunan ma ita ce ke rufe wata gajeriyar hanya, in ka cire ta ruwa ya riƙa zagaye ta nan bai je lagireto ba, zafin ya ƙaru. In kana zarginta gwada ta, abu ne mai sauƙi, an buga lamba a jikinta, kamar 71 ko 76 ko 82, digirin da take buɗewa ke nan. Sa ta a tukunya da ruwa ka ɗora a wuta, kafin ruwan ya tafasa za ka ga ta buɗe baki, ka sauke ya huce ta rufe. In ba ta yi haka ba sayi sabuwa.

Fanbel ka danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita 1. In ka ga baƙar ƙura a gaban inji to yana cin kansa. Tiyo-tiyo ka matsa su, wanda ya yi tauri kamar itace ko ya yi laɓo-laɓo a canza, kuma duk wanda ke ƙasa da tsayin ruwa a sa masa kilif biyu. Gwiwar salansa, inda ruwa ke haɗuwa da hayaƙi, takan toshe da tsatsa da baƙin gawayi, in ka duba komai lafiya amma ruwan salansa ya ragu inji kuma ba ƙarfi, kwance ta ka leƙa.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. In inji ya ƙi tashi kana ta ba shi kiy, famfon nan fa yana ta turo ruwa cikin salansa, kuma babu hayaƙin da zai tura shi waje. Yana taruwa har ya koma baya ya shiga silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai kon rod, wato sandar da ke riƙe da fistan, ya lanƙwashe. In ka gwada sau biyu sau uku bai tashi ba, rufe bawul ka nemi matsalar, yana kamawa ka buɗe da sauri. Yawanci ma matsalar iska ce a layin gas ko ruwa a cikin gas ɗin, shi ya sa nake son kowane jirgi ya sa filtar gas mai kofin gilashi a ƙasa, kullum da safe ka duba ka tsiyaye ruwan da ya kwanta. Wanda injinsa na fetur ne kuma ya sani tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya, a buɗe murfin ɗakin inji a sha iska aƙalla minti 4, a sansana, kafin a taɓa kiy.

In zafi ya kama ka a tsakiyar ruwa, rage wuta, fitar da giya, leƙa salansa. Ruwa na fita? To bar shi a silo ya huce kaɗan kana kallon agogo, matsalar ta ɓangaren ciki ce, fanbel ko kulan ko tamostat. Ba ya fita? Kashe, jefa anka don kar iska ta kai ka inda dorina ke kiwo, ka bi hanyar ruwan daga farko, ƙofar ƙasa, rariya, infela, a jere. Wani lokacin kashe injin kaɗai ya isa ledar ta saki ta tafi abinta. Kar ka kamfaci ruwa ka watsa wa inji mai zafi, tof silinda tsagewa yake yi.

Kayan injin ruwa ba kamar na mota ba ne da za ka shiga Gombe ka samu a shago na farko, sau da yawa sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Legas, don haka in za ka sayi infela sayi biyu da gaskit ɗinsu. Ka nemi bokitin fenti mai murfi ka zuba ɗayar a ciki a ƙulle a leda inda rana ba ta taɓa ta, da fanbel, da filtar gas, da lita 1 na baƙin mai, da kilif uku ko huɗu, da sifana lamba 8 da 10 da 13, da sukudireban da ya yi daidai da sukurorin famfonka, da tocila mai batir. Bokitin ya zauna cikin jirgi, ba a gida ƙarƙashin gado ba.